Yadda addini ya shiga makarantar boko a Arewa

1/ Masu cewa a cire darasin addini daga makarantun gwamnati, ku zo mu ɗan waiwayi tarihi tukuna.

2/ Kakana ya ba ni labari: ranar da dogarai suka zo ɗibar yara zuwa boko, cikin rumbu aka ɓoye shi. Tsoron iyayensa ɗaya ne, kar a mayar musu da ɗa Kirista, tunda a Kudu 'yan mishan ke riƙe da makarantu.

3/ Turawa sun gane haka. Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, aka taƙaita 'yan mishan a masarautu. Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, an haɗa har da karatun addini.

4/ Wato darasin addinin nan na cikin abin da ya sa iyaye suka fara sakin 'ya'yansu.

5/ Har yau miliyoyin yara a Arewa ba sa zuwa makaranta. In an cire shi, da wane baki za mu lallashi iyayensu? Ni dai ra'ayina a bar shi, amma kowane yaro, Musulmi ko Kirista, addininsa za a koya masa, ban da tilas.