Gyare mai haƙa rami

Gyare mai haƙa rami ƙwaro ne daga dangin Gryllotalpidae, cikin rukunin Orthoptera wanda ya haɗa da fara da tsanya. Tsawonsa yakan kai santimita 3 zuwa 5, launinsa ruwan ƙasa, ƙafafunsa na gaba kuma gajeru ne masu faɗi da haƙora, waɗanda yake tona ƙasa da su. An fi saninsa da ramin da namiji yake ginawa domin ƙara ƙarfin kukansa ya jawo mace.

Suna da asali

Sunan Gryllotalpa ya fito ne daga kalmomin Latin guda biyu: gryllus, wato gyare, da talpa, wata ƙaramar dabba mai tona ƙasa. Nau'in da aka fi sani a Afirka shi ne Gryllotalpa africana, wanda Bafaranshe Palisot de Beauvois ya bayyana a shekarar 1805. Masanin ya ziyarci Warri da masarautar Benin ta kudancin Najeriya daga 1786. An daɗe ana ɗaukar nau'in da ke gonakin shinkafa na Asiya a matsayin wannan, har sai da binciken B. C. Townsend na 1983 ya raba su. Na Asiya yanzu ana kiransa Gryllotalpa orientalis.

Mazauni

Ƙwaron yana son ƙasa mai damshi da taushi, kamar bakin kogi da fadama da gonakin noman rani. Irin wannan ƙasa ce ta mamaye kwarin Kogin Neja a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, daga Illo zuwa Lolo a kan iyakar Jamhuriyar Benin, inda ake noman shinkafa sosai. Da rana yana ɓoye cikin ƙasa, da dare yake fitowa, kuma hasken fitila yana jan waɗanda suke tashi.

Yadda yake kuka

Namiji yana goga fikafikansa na gaba da juna. A ƙarƙashin ɗaya akwai jijiya mai jerin ƙananan haƙora, gefen ɗayan kuma yana karzar su, sai wani siririn fili na fiffiken ya riƙa girgiza. Amma fiffiken ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da tsawon igiyar sautin, wadda ta kai kusan santimita 10, don haka shi kaɗai ba ya iya tura iska da ƙarfi. Ramin ne yake cike wannan giɓi.

Tsarin ramin

Bakin ramin yana buɗewa a hankali daga ciki zuwa waje, kamar bakin kakaki ko algaita. A ƙasan maƙogwaronsa akwai wani ɗaki mai siffar ƙwai, daga nan kuma hanya ta zarce cikin ƙasa. Namiji yana tsayawa kansa a cikin ɗakin, bayansa yana fuskantar waje, fikafikansa a ɗage daidai maƙogwaron. Ɗakin da bakin suna amsa amon kukan tare, sannan su tura shi sama, inda mata suke shawagi bayan faɗuwar rana. Mace tana ji da kunnuwan da ke ƙafafunta na gaba.

Masanin dabbobi Henry Bennet-Clark na Ingila ya yi nazarin nau'in Gryllotalpa vineae na kudancin Faransa a 1970. Raminsa yana da baki biyu, kukansa yana girgiza kusan sau 3,400 a daƙiƙa, kuma ana iya jin sa daga nisan mita 600. A 1987 ya nuna cewa wani nau'in da ke Florida a Amurka yana gyara raminsa ne da gwaji: ya yi tono kaɗan, ya yi gajeren kuka, ya sake gyarawa, har sai amon ramin ya dace da muryarsa.

Amfani da haɗarin kukan

Bincike a Florida ya nuna cewa mazan da kukansu ya fi ƙarfi sun fi jawo mata. Ƙasa mai damshi tana taimaka wa ƙarfin sautin, kuma ita ce ta dace da saka ƙwai. Sai dai kukan yana tona asirin mai shi. Ƙudan Ormia depleta yana bin sautin ya ajiye tsutsotsinsa, su shiga jikin gyaren su kashe shi. An kai ƙudan Florida daga Brazil a 1988 domin rage ƙwaron.

Ɓarna a gona

Gryllotalpa africana yana cin saiwa da gindin ƙananan shuke-shuke, musamman shinkafa da kayan lambu, tonon da yake yi kuma yana tumɓuke sabon tsiro. Ɓarnar ta fi yawa a wurin renon iri da gefen kunya, inda ruwa bai rufe ƙasa ba. Cika fili da ruwa yana korar sa daga raminsa zuwa kan kunya, inda tsuntsaye suke tsince shi.