Ƙwallon Ƙafa a Zangon Kumasi: Daga Baba Yara zuwa King Faisal

Zangon Kumasi ya girmi ƙwallon ƙafa a ƙasar Asante, amma ba da yawa ba. Tun farkon ƙarni na 19 akwai malamai da fatake Musulmi a fadar Sarkin Asante Osei Bonsu, sai dai kasuwar goro ta gaskiya tana can arewa, a Salaga ta ƙasar Gwanja, inda ayarin Kano da Katsina ke sauka. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa wannan kasuwa. Turawan Ingila suka shiga Kumasi a 1896, suka murƙushe boren Yaa Asantewaa a 1900, jirgin ƙasa kuma ya iso garin a 1903. Daga nan fataken goro da na shanu, da tsofaffin sojoji, da leburori suka yi ta sauka a gefen gari. Akwai Hausawa da Mosawa da Dagombawa da Gurunsawa da Yarabawa da Zabarmawa, kowa da harshen gidansu, amma Hausa ce ta zama harshen titi da masallaci da ciniki.

Mutanen Zango sun samu wurin zama, amma ba su samu ƙasa ba. Ƙasar ta Tonawa ce, kamar yadda Hausawa ke kiran mutanen Asante, haka ma gonakin koko da suka azurta yankin. Ɗan Zango ko a Kumasi aka binne cibiyarsa, baƙo ake kiransa. Iyaye da yawa kuma sun ƙi kai 'ya'yansu makarantun mishan don gudun a sauya musu addini, abin da ya toshe musu hanyar aikin ofis. Sana'o'in da suka rage su ne fawa, ɗinki, tuƙi, dako, aikin soja da ɗan sanda, da kasuwanci. Ƙwallo ta shigo cikin wannan jeri daga baya, kuma ta bambanta da sauran ta wata fuska: filin wasa ba ya tambayar takardar makaranta, ba ya tambayar asalin kaka.

An kafa Cornerstones a 1931, tana cikin tsofaffin ƙungiyoyin garin. Asante Kotoko ta samu sunanta a 1935, ƙarƙashin inuwar Sarki Prempeh na Biyu, da beguwa a matsayin tambari, wato alamar mayaƙan Asante. Ƙungiya ce ta fada, ta masu ƙasa. Duk da haka, ɗan wasan da ya fara ɗaga sunanta har ya wuce iyakar ƙasa Musulmi ne, Usman Seidu, wanda aka haifa a Kumasi a 1936, duniya kuma ta san shi da Baba Yara.

Ya shiga Kotoko a 1955, a shekarar kuma aka kira shi ƙungiyar ƙasa. Yana cikin waɗanda suka lallasa Nijeriya da ci 7 da nema a Akra, birnin da Hausawa ke ce wa Ankara, kashin da har yau Nijeriya ba ta sake shan irinsa ba. Gefen dama yake bugawa, da lamba 7 a bayansa. Gudu da yanka da iya miƙa ƙwallo gaban raga su suka sa aka yi masa laƙabi da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. Sai dai a lura, ƙwallon wancan zamani ba sana'a ba ce irin ta yau. 'Yan wasa suna da wani aikin da suke ci da shi, abin da fili ke ba su kuwa suna ne, da ɗan ihisanin magoya baya.

Siyasa ce ta raba shi da Kumasi. Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallo a matsayin makamin haɗa kan sabuwar Gana, ya damƙa harkar wasanni ga Ohene Djan. A 1961 Djan ya kafa Real Republikans a Akra, ya tsamo zaratan 'yan wasa daga manyan ƙungiyoyi don su riƙa wasa tare, su zama ƙashin bayan ƙungiyar ƙasa, Black Stars. Daga Kotoko aka ɗauki Baba Yara. Mutanen Kumasi ba su ji daɗi ba, domin dama akwai jiƙaƙƙiya tsakaninsu da gwamnatin. Zango ma tana da nata tabon: a 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, jagororin Musulmin Kumasi da ke ɓangaren adawa, zuwa Nijeriya, bisa hujjar cewa ba 'yan ƙasa ba ne.

Ranar 24 ga Maris 1963, Republikans suna dawowa daga wasa a Kpandu, motarsu ta yi hatsari a Kpeve, cikin yankin Volta. Baba Yara ya ji rauni a laka. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda ya yi suna wajen jinyar irin wannan ciwo, amma cikin watan Agusta ya dawo gida a keken guragu, yana da shekara 26. A ƙarshen shekarar Gana ta ci kofin Afirka karo na farko, a gida, ba tare da shi ba. Juyin mulkin 1966 ya tafi da Nkrumah da ƙungiyar Republikans gaba ɗaya. Baba Yara ya rasu a asibitin Korle Bu ranar 5 ga Mayu 1969.

Wata shida bayan rasuwarsa, gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubban mutanen zanguna suka ɗaure kaya zuwa Nijeriya da Nijar da Togo da Upper Volta, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne Kotoko ta kai ƙololuwa da 'yan wasa Musulmi a sahun gaba. Ibrahim Sunday, Malik Jabir da Abukari Gariba suna cikin tawagar da ta doke TP Englebert a Kinshasa ta ɗauki kofin zakarun Afirka na 1970. Aka zaɓi Sunday gwarzon ɗan wasan Afirka a 1971, a 1975 kuma ya koma Werder Bremen ta Jamus, ko da yake bai samu damar wasa sosai a can ba.

Karim Abdul Razak, haifaffen Kumasi a 1956, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar ƙwallo a matsayin sana'a cikakkiya. Ya taso daga ƙungiyoyin yara na unguwa, waɗanda ake kira kolts a Gana, ya shiga Cornerstones, daga nan Kotoko ta ɗauke shi a 1975. A gasar kofin Afirka ta 1978, ƙwallonsa ɗaya tilo ce ta fitar da Tunisiya a wasan kusa da na ƙarshe, Gana kuma ta doke Uganda 2 da 0 ta ɗauki kofi. Mujallar France Football ta ba shi kyautar gwarzon Afirka na shekarar. A 1979 ya tafi New York Cosmos ta Amurka, inda ya yi wasa tare da Franz Beckenbauer, daga baya ya buga wa Al Ain ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da Arab Contractors ta Masar, da Africa Sports ta Abidjan. Da ya rataye takalmi sai ya koma horarwa: ya yi aiki da Stade Malien a Bamako, ya kuma ci wa Kotoko kofin lig a 2003 bayan ta yi shekara goma tana nema.

Mataki na gaba shi ne Zango ta mallaki ƙungiyarta. Alhaji Abdul Karim Grusah ya fara da tara yaran unguwa, ya raɗa wa ƙungiyar sunan Sarki Faisal na Saudiyya, har ta hau babban rukunin ƙasa. King Faisal ba ta taɓa yin magoya baya irin na Kotoko ba, kuma ba da kuɗin ƙofa take rayuwa ba. Jarinta shi ne renon yara da sayar da su waje, ciniki irin na jikokin fatake. Samuel Osei Kuffour ya bar ta zuwa Torino a 1991, daga nan ya koma Bayern Munich inda ya ci kofin zakarun Turai a 2001. Ibrahim Tanko da Mallam Yahaya suka tafi Borussia Dortmund. Shilla Illiasu ya tsare wa Gana baya a gasar cin kofin duniya ta 2006. Waɗannan su ne suka dace. A Aboabo da Asawase da Sabon Zango akwai ninkinsu da yawa da suka bar karatu saboda ƙwallo, ƙwallon kuma ba ta kai su ko'ina ba.

Babban filin wasan Kumasi, wanda aka buɗe a 1959, an sauya masa suna zuwa Baba Yara a zamanin Shugaba John Kufuor. Yana ɗaukar mutum kusan 40,000, kuma an buga wasannin kofin Afirka na 1978 da 2000 da 2008 a cikinsa. A nan Kotoko da King Faisal suka riƙa karɓar baƙi. A 2023 King Faisal ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale ta sha kashi a hannun Dreams, ta kuma faɗa rukuni na ƙasa.