Darajar kamfanin mota: a lissafa har da bashi

'Yan uwana na Dogon Daji masu yaɗa cewa darajar Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ta haura dala tiriliyan 1 a 2021: wannan fa kuɗin hannun jari ne kawai.

Ni dai Peugeot ta Kaduna nake tunawa. Tun 1975 take haɗa motoci, har 504 ta cika hanyar Sakkwato zuwa Jega. An sayar wa 'yan kasuwa ita a 2006, bashin banki ya danne ta, AMCON ta karɓe a 2012.

Don haka in za ku auna kamfani, ku haɗa kuɗin hannun jari da bashin da ake bin sa, ku cire tsabar kuɗin da ya ajiye. Wanda ya sayi kamfani, da bashinsa ya saya.