Amfani da ƙarin sinadaran abinci tsakanin ɗalibai mata a jihar Kebbi

Ƙarin sinadaran abinci su ne ƙwayoyi, kafso, gari ko ruwan kwalba da ake sha domin cike giɓin abin da abinci bai samar wa jiki ba, kamar bitamin, sinadarin ayon, folik asid, kalsiyam da zinki. Ana shan su ne tare da abinci, kuma amfaninsu ya fi bayyana ga wanda jikinsa ke da ƙarancin wani sinadari. A tsakanin ɗalibai mata na manyan makarantun jihar Kebbi, kamar sauran sassan Najeriya, ana shan irin waɗannan kaya saboda dalilai daban-daban: ƙarin jini, ƙarin ƙarfi lokacin jarrabawa, neman ƙiba ko rage ta, da gyaran fata. Wasu daga cikin dalilan suna da tushe a ilimin lafiya, wasu kuma talla ce da maganar ƙawaye ke yaɗa su.

Suna da ma'ana

Hausa ba ta da kalma guda da ta keɓanta ga waɗannan kaya. A bakin jama'a ana kiran su da aikin da ake sa ran za su yi: maganin ƙarin jini, maganin cin abinci, maganin ƙiba, maganin rage tumbi, ko kuma a ce bitamin kawai. Kalmar "magani" ta haɗa ƙwayar asibiti, da sassaƙen gargajiya, da zuma da habbatus sauda na shagunan magungunan Musulunci, har da kayan mata, waɗanda a yankin Sakkwato da Kebbi ake kira hakin maye. Wannan faɗin ma'ana yana sa mai saye ba ta cika bambance ƙwayar bitamin da magani mai ƙarfi wanda sai da takardar likita ya kamata a sha ba, tunda duk suna ɗaya suke amsawa, kuma sau da yawa a kanta ɗaya ake jera su.

Makarantu da yanayin cin abinci

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira a 1991, tana da manyan makarantu da dama. Akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jiha da ke Aliero wadda aka kafa a 2006, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Ɗalibai na zuwa waɗannan makarantu daga birane da kuma garuruwa irin su Ambursa, da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu.

Kwarin kogin Rima yanki ne na noman shinkafa da kamun kifi, amma ɗalibar da ke zaune a ɗakin kwanan makaranta abincinta ya dogara ne da kuɗin da ke hannunta da lokacin da lacca ta bar mata. Shinkafa da mai da yaji, garin kwaki, taliya, burodi da shayi su ne masu sauƙin samu. Suna ƙosarwa, sai dai ba su da yawan ayon da sauran sinadaran da ake samu a nama, hanta, kifi, wake da ganye.

Ƙarancin jini da folik asid

Babbar buƙatar da ilimin lafiya ya tabbatar ga mata masu shekarun haihuwa ita ce ta sinadarin ayon, saboda jinin da ake rasawa duk wata a lokacin al'ada. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Alamominsa sun haɗa da kasala, jiri, saurin haki, ciwon kai da wahalar tattara hankali, abubuwan da kan shafi karatu kai tsaye. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki ma suna jawo shi, don haka gwajin jini ne ke nuna ainihin sanadin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa, a wuraren da ƙarancin jini ya kai kashi 40 cikin 100 ko fiye, mata da 'yan mata masu al'ada su sha miligiram 30 zuwa 60 na ayon kullum na tsawon wata uku a jere a kowace shekara. Ga masu juna biyu kuwa, shawarar ita ce wannan adadi na ayon tare da maikirogiram 400 na folik asid kullum. Folik asid yana rage haɗarin haihuwar jariri da nakasar ƙashin baya ko ta ƙwaƙwalwa, kuma ya fi amfani idan an fara shi kafin ɗaukar ciki, domin wannan sashe na jikin ɗan tayi yana haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko. Wannan ya shafi ɗalibai masu aure da waɗanda ke shirin yin sa.

Masu cutar sikila ana ba su folik asid, amma ba a so su sha ayon sai likita ya gwada ya tabbatar da buƙata, musamman waɗanda ake yawan yi wa ƙarin jini, saboda ayon na iya taruwa ya yi musu yawa.

Kayan ƙiba, rama da hasken fata

Kayan da ake tallatawa a WhatsApp, Instagram da TikTok galibi sun fi karkata ga surar jiki. A al'adar Hausawa ana ganin cikar jiki alamar lafiya da jin daɗi ce, musamman ga amarya, yayin da fina-finai da kafafen sada zumunta ke yaɗa son siririn ƙugu da shafaffen ciki. Kasuwa tana biyan buƙatun biyu.

Yawancin abin da ake sayarwa da sunan maganin ƙiba magunguna ne na asibiti. Cyproheptadine maganin ƙaiƙayi ne da borin jini wanda ke buɗe ciki, kuma shi ne ke cikin ruwan kwalba irin Apetamin. Yana sa barci da jiri, an kuma samu waɗanda ya taɓa musu hanta. Dexamethasone, wanda ake yi wa laƙabi da "sha ka fashe", yana sa jiki ya riƙe ruwa, kitse ya taru a fuska da ciki. Shan sa na dogon lokaci yana kawo hawan jini, hauhawar sukari, nankarwa, raunin ƙashi da raunin garkuwar jiki, kuma daina shi farat ɗaya yana da haɗari, sai dai a rage shi a hankali bisa kulawar likita.

A ɓangaren rage ƙiba, shayin rama da yawa ganyen sa zawo ne ko mai sa yawan fitsari, abin da ke raguwa kuwa ruwan jiki ne. Hukumomi a ƙasashe da dama sun sha gano sibutramine a ɓoye cikin irin waɗannan kaya, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ana kuma sayar da ƙwayoyi da allurar glutathione domin hasken fata, duk da cewa hukumomin magunguna a ƙasashe daban-daban sun yi gargaɗi kan allurar.

Yawan sha da cuɗanya da wasu magunguna

Bitamin A, D, E da K suna narkewa ne a kitse, jiki kuma yana adana su, don haka suna iya yin yawa. Yawan bitamin A yana cutar da hanta, yana kuma iya nakasa ɗan tayi. Ayon kan sa tashin zuciya, taurin bayan gida da baƙin bahaya, kuma idan ƙaramin yaro ya haɗiyi ƙwayoyinsa da yawa yana iya rasa ransa. Ayon, kalsiyam da zinki suna rage ƙarfin magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin ciprofloxacin da tetracycline idan an sha su lokaci guda.

Doka da sa ido

Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke rajistar waɗannan kaya, tana ba su lambar da ake bugawa a jikin kwali. Magungunan ganye da yawa suna samun lambar da ke ƙarewa da harafin L, wadda ke nufin an duba rashin cutarwarsu ne kawai, ba a tabbatar da cewa suna aikin da ake faɗa ba. Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya ce ke ba kemis-kemis lasisi, kuma ƙananan kemis ba su da izinin sayar da magungunan da ke buƙatar takardar likita. Kayan da aka zuba a roba ko leda ba tare da suna, lamba ko ranar lalacewa ba, babu hanyar sanin abin da ke cikinsu.

Abincin gida

Tun 2002 doka ta wajabta sanya bitamin A a sukari, man girki da fulawa a Najeriya, kamar yadda ake sanya aidin a gishiri. Yankin Kebbi kuma yana da abinci masu ɗauke da sinadaran da ake nema a kwalba: kifin Argungu da Yauri, hanta, wake, gyaɗa, gero, zogale, rama, alayyafo da miyar kuka, sai nono mai kalsiyam. Bitamin C da ke cikin lemo, gwaba, tumatir da garin 'ya'yan kuka yana taimaka wa jiki ya tsotsi ayon na ganye da hatsi. Shayi kuwa yana rage tsotsarsa, shi ya sa ake ba da shawarar a bar tazarar kamar awa guda tsakanin cin abinci ko shan ƙwayar ayon da shan shayi.