Hukuncin Kyautar Mota Tsakanin Uba da Ɗa a Wurin Hausawan Gadarif: Nazari a kan Hauzi da Takarda

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi lokacin da mota take fita daga mulkin uba ta shiga na ɗansa ta hanyar hiba, wato kyauta, bisa mazhabar Malikiyya da dokar Sudan. Ta nuna cewa asalin rigima shi ne ɓoyuwar hauzi, wato karɓar abin da aka bayar, a tsakanin mutanen da suke ci a akushi ɗaya.

Gabatarwa

Hausawan Gadarif, waɗanda kakanninsu suka zo ta hanyar aikin hajji, wasu kuma a hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, sun tarar da ƙasa mai baƙar laka wadda ta karɓi dawa da riɗi. Da aka fara noman inji a Gadambaliya a shekarun 1940, sai sannu a hankali tarakta da babbar mota da ƙaramar a-kori-kura da ake kira boksi suka zama dukiyar gida, a matsayin da garke yake a da. Tun da abin hawa ya zama jari, lalle ne a tambayi hukuncin dattijon da ya ce wa ɗansa a gaban iyali, "Wane, na ba ka motar nan," sa'an nan ya rasu takardunta suna ɗauke da sunansa.

Hukuncin Malikiyya

Abin da malaman zaure suke karantarwa daga Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil shi ne hiba tana lizimta da lafazi, amma ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka bai wa ya karɓe abin, hannun mai kyauta ya ɗauke daga kansa. Idan mutuwa, ko ciwon ajali, ko bashi mai cinye dukiya ya riski mai kyauta kafin haka, hiba ta ɓaci. Hujjarsu tana cikin Muwaɗɗa, inda Sayyidina Abubakar ya bai wa A'isha, Allah ya yarda da su, wusƙi 20 na dabino, da ajalinsa ya gabato ba ta riga ta girbe ba, sai ya sanar da ita cewa ya zama rabon magada.

Inda Hauzi Yake Ɓuya

A nan mota ta bambanta da saniya. Ɗan da aka ce an bai wa boksi, galibi shi ne direbanta tun kafin kyauta: shi yake kai buhunan riɗi kasuwar amfanin gona ta Gadarif, mabuɗi yana aljihunsa, da dare kuma tana kwana a ƙofar gidan uban, inda ta saba kwana. To, ranar rabon gado, sa'ad da 'yan'uwa suka ce riƙon wakilci yake yi, shi kuwa ya ce riƙon mulki ne, babu abin da ido ya gani ya canza, balle shaidu su faɗa. Abin da zai raba gardama shi ne aljihun da kuɗin jigila suke shiga, da wanda yake biyan gyara, da sunan da yake kan shahadar bahas, takardar da 'yan sandan hanya suke bayarwa don tabbatar da mai mota.

Saɓanin Mazhaba da Doka

Dokar Ahwalus Shakhsiyya ta Musulmi ta 1991 ta ƙunshi babin hiba, kuma ta yi umarni a koma ga rinjayayyen ƙaulin Hanafiyya a inda nassinta ya yi shiru. Wannan yana da nauyi, domin Malikiyya sun halatta wa uba i'itisari, wato karɓe abin da ya bai wa ɗansa, muddin ɗan bai yi aure ko ya ci bashi saboda kyautar ba, alhali Hanafiyya sun hana komawa ga kyautar da aka yi wa dangi muharrami, har da ɗa. Saboda haka fatawar da dattijo ya ji a zaure ba dole ne ta zama hukuncin alƙali ba. Ga kuma hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, inda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙi yin shaida a kan fifita ɗa guda da kyauta.

Kammalawa

Canja suna a takarda ba rukunin hiba ba ne a wurin fuƙaha'u, amma a gidan da uba da ɗa suke hawa mota ɗaya, shi ne bayyanannen hauzin da ya rage. Uban da ya yi nufin kyauta, to, ya yi ta yana da lafiya, ya kafa shaidu biyu adilai, ya sauya sunan, ya kuma bar wa ɗan kuɗin jigilar.