Daga Garmaho Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Waƙar Da Ake Naɗa A Ɗaki

A yau za mu ɗan jingine zancen littattafai, mu leƙa tarihin 'yan'uwanmu mawaƙa, musamman ma waɗanda ba waƙa ce sana'arsu ba. Ina nufin direba ko ɗalibi ko tela, wanda zai tsara waƙarsa, ya turo ƙofar ɗakinsa, ya naɗe ta da kansa. Yanzu abin ya zama ruwan dare, har ba a ɗaukar sa a bakin komai. Amma fa ba haka aka taso aka tarar ba.

Tun daga 1877 da Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a Amurka, sannu a hankali harkar ta koma hannun kamfanoni. Su ke da situdiyo, su ke da injiniyoyi, su ke da injin buga faifan garmaho, don haka su ke yanke hukuncin wanda ya isa a ji muryarsa. A ƙasar Hausa kuwa shingen har biyu ne. Galibi sai mawaƙi ya tara makaɗa da 'yan amshi, ya kuma sami ubangidan da zai riƙe su. Bayan nan sai gidan rediyo ko kamfanin faifai ya waiwaye shi. Muryoyin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos sun iso gare mu ne saboda an ga dama an ɗauka. Mawaƙan ƙauye nawa ne suka tafi da waƙoƙinsu a ciki, ba a ɗauki ko baiti ɗaya ba?

Cikin waɗanda suka fara huda wannan shinge akwai wani makaɗin jita Ba'amurke mai suna Les Paul. A garejin gidansa da ke Hollywood yakan naɗi kiɗa, ya kunna shi, ya kaɗa wani a kai, ya sake naɗa, haka-haka har ya tara. A 1948 aka fitar da faifansa wanda ake jin jita takwas a ciki, alhali duk shi kaɗai ya kaɗa su. To sai dai shi gwani ne, ga shi kuma da sanin kan na'ura. Talaka bai amfana ba tukuna.

Abin da ya taimaki talaka shi ne kaset, wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1963. Da farko ma don ɗaukar magana aka yi shi, ba a ɗauka zai iya da kiɗa ba. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A 1979 kamfanin TEAC na Japan ya fito da wata 'yar na'ura mai suna Portastudio. Zaren kaset layi huɗu gare shi, biyu na tafiya, biyu na dawowa idan an juya. Wannan na'ura sai ta mayar da duka huɗun fuska ɗaya. Ka sa murya a layi ɗaya, jita a na biyu, ganga a na uku, amshi a na huɗu, sannan ka daidaita su yadda kake so. Mutum guda ya zama ƙungiya ke nan.

A farkon 1982 shahararren mawaƙin nan Bruce Springsteen ya zauna a ɗakin kwanansa a jihar New Jersey ya naɗi wasu waƙoƙi da irin wannan na'ura, da niyyar gwaji kawai. Da ya je babban situdiyo da makaɗansa suka sake yin su, sai ya ga armashin ya ragu. Ƙarshenta na kaset ɗin aka fitar, da sunan Nebraska. A daidai wannan zamani wani saurayi mai suna Daniel Johnston, wanda ba kamfanin da ya san da zamansa, yana naɗar waƙoƙinsa da rakoda a gida, yana raba kaset hannu da hannu a birnin Austin na jihar Texas. Kafin rasuwarsa a 2019 manyan mawaƙa sun yi ta sake rera waƙoƙinsa.

Kada mai karatu ya zaci abin ya tsaya a Amurka. A cikin hamadar nan tamu kaset ya yi aikin da ya fi wannan nauyi. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya karkashe dabbobin Abzinawa, ya kora samarinsu na Mali da Nijar zuwa Aljeriya da Libiya neman abin yi. A can suka ɗauki jita suna waƙar kewar gida da halin da jama'arsu ke ciki. Ƙungiyar Tinariwen daga nan ta samo asali. Ba su da situdiyo, ba su da kamfani. Duk wanda ya kawo kaset ɗin da ba komai a kai, sai a danna rakoda a rera masa. Shi kuma ya kwafa wa wani, wani ya kwafa wa wani, har waƙar ta ratsa iyakokin ƙasashe. Sai a 2001 faifansu ya shiga kasuwar duniya, a 2012 kuma suka ci lambar Grammy.

A Kano kuwa fiyano ne ya kawo canjin. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa ke tashe, fiyanon Yamaha ya shigo ƙananan situdiyo, waɗanda da yawansu ɗaki ɗaya ne ko shago. Yaro ɗaya zai zauna gabansa ya fitar da sauti mai kama da kalangu da sarewa da ganga. Kiɗan fim ɗin Sangaya ya nuna wa kowa abin da na'urar za ta iya. Daga nan saurayin da bai gaji kiɗa ba, bai da 'yan amshi, bai da ubangida, ya sami hanyar fitar da waƙarsa. Dattawa sun yi ta kukan cewa kiɗan gargajiya zai mutu, kuma kukan nasu yana da tushe, domin makaɗa da yawa sun rasa kasuwa. Sai dai kuma dubban bakunan da a da suke rufe sun buɗe.

Da kwamfuta ta zo sai ta haɗiye rakoda da fiyanon gaba ɗaya. Manhajar FruityLoops, wadda wani kamfanin Beljiyam ya yi, ta koma FL Studio a 2003, kamfanin Apple kuma ya fito da GarageBand a 2004. A 2019 Billie Eilish da yayanta Finneas suka fitar da kundin da suka naɗa a ɗakin kwana a gidan iyayensu a Los Angeles. A Janairun 2020 ta kwashe lambobin Grammy biyar.

Labarin da ya fi shafar mu shi ne na Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Nijar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi waƙoƙinsa da salon kiɗan finafinan Hausa. Ba kamfanin da ya fitar da su a lokacin. Daga waya zuwa waya suka yi ta yawo ta Bulutut da katin memori, har suka kai Kidal a arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ci karo da ɗaya daga ciki yayin da yake tattara waƙoƙin wayoyin mutane. Da ya tashi buga su a faifai a 2011, sai da ya sha wahalar neman masu waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, domin da yawa ba cikakken suna a jikinsu. An dace an gano Mdou, ya kuma zagaya duniya da jitarsa.

To a nan gizo ke saƙar. Faifan kamfani yana ɗauke da suna da shekara, akwai kuma inda ake ajiye uwarsa. Waƙar ɗaki ba ta da wannan gatan. Zafi da ƙura suna cinye kaset, memori yana lalacewa, waya tana ɓata, kwamfutar situdiyo ta mutu da aikin shekara goma a cikinta. Idan ma waƙar ta tsira, sau da yawa sunan mai ita ya faɗi a hanya, wani ya ci moriyarta. Mu da muka ga yadda wasu littattafan Adabin Kasuwar Kano suka ɓace, har marubutansu ba su da kwafe, mun san zafin wannan.

Don haka ga 'yar shawara ga mai waƙa a ɗaki: ka sa sunanka da garinku da shekara a jikin kowace waƙa, ka rubuta baitocin a takarda, ka ajiye kwafe a wuri fiye da ɗaya. Wanda kuma yake da tsofaffin kaset a ƙarƙashin gado, ya daure ya juye su a kwamfuta tun zaren bai tsinke ba. Mai yiwuwa abin da ke ciki babu shi a ko'ina sai nan.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.