Siyasar Star Wars a Idon Mutumin Karaye

Tun da fim ɗin The Phantom Menace na George Lucas ya fito a 1999 masu bin jerin finafinan Star Wars suke ja-in-ja a kan siyasar da ke cikinsa. Babban ƙorafinsu shi ne labarin bai shiga hankali ba. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta killace duniyar Naboo da jiragen yaƙi saboda rikicin harajin hanyoyin fatauci. Sarauniyar Naboo, Amidala, ta kai kuka majalisar dattawa, shugaban jamhuriya Valorum ya amince a kafa kwamitin bincike, ita kuma nan take ta nemi a kaɗa masa ƙuri'ar rashin amincewa. Kujerar ta faɗa hannun Palpatine, sanatan Naboo, wanda shi ya kitsa rikicin a ɓoye. A fim na 2002 majalisar ta ba shi ikon dokar ta-ɓaci, a na 2005 kuma ya rushe jamhuriyar ana yi masa tafi. Masu suka suna tambaya: wace majalisa ce za ta kwance tsarin da ta gada cikin gaggawa haka?

A ganina wannan tambaya ta wanda bai taɓa zama ƙarƙashin majalisa mai saurin hannu ba ce. Mutumin Beli a ƙaramar hukumar Rogo ba zai yi ta ba. A watan Mayun 2019, cikin 'yan kwanaki, majalisar dokokin Kano ta zartar da dokar da ta ƙirƙiri masarautun Bichi, Rano, Gaya da Karaye, Gwamna Abdullahi Ganduje ya sa hannu. Kotu ta soke dokar, aka sake yin ta a Disamba. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisar ta rushe masarautun, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a ranar. A Yuli aka dawo da Karaye a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. Manomi yana gonarsa, aka sauya masa sarkin da hakiminsa ke yi wa mubaya'a sau uku cikin shekara biyar. Ba ina kwatanta wani gwamna da Palpatine ba ne, kuma kowane ɓangare yana da hujjojin da ya kafa. Abin lura shi ne saurin, da yadda komai ya bi ta kan takarda da ƙuri'a. Majalisar Jamus ma da ƙuri'a ta miƙa wa Hitler ikon yin doka a Maris na 1933.

Ke nan inda ake cewa labarin ya yi rauni, nan ne ya fi ƙarfi. Gurguntakarsa tana wani wuri da masu muhawarar ba su cika dubawa ba, wato babu talaka a cikinsa. Ana gaya mana mutanen Naboo suna mutuwa, amma kyamara ba ta shiga kasuwa ta nuna rumfar da kaya suka ƙare ba, ba ta nuna uwar da farashin abinci ya gagara ba. Duk wanda ya ga yadda rufe iyakar Najeriya da Nijar a 2023 ya tsayar da manyan motoci a Jibiya ya san killacewa a tukunya take fara bayyana. Shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya fi Lucas fahimtar wannan, domin siyasar Gwamna Bawa Maikada a Alfawa ta cikin shirin tana sauka har asibiti da ɗakin 'yan jarida, mai kallo yana ganin wanda ta taɓa. Rashin haka ne ya sa zaman majalisar Star Wars yake gundurar jama'a, har suka ɗora laifin a kan ma'anar labarin, alhali ba a nuna musu wanda harajin ya ci ba.